Hawan duwatsu da yawon daji: Ina haɗarin yake, kuma yaya ake kauce masa?

A 'yan shekarun nan, hawan duwatsu da tattaki a daji sun samu karɓuwa a tsakanin matasa da ma'aikata a wasu biranen Najeriya, musamman Abuja da Jos. Da sanyin safiyar Asabar akan ga ƙungiyoyi sanye da takalman motsa jiki, goye da jakunkuna da gorunan ruwa, sun nufi tsaunukan Mpape da Katampe da Ushafa, ko kuma duwatsun Shere da ke gabashin Jos. Wasu neman lafiyar jiki ke kai su, wasu kuma hutu suke nema daga hayaniyar gari.

Sai dai wannan sha'awa ta zo ne a daidai lokacin da kalmar daji ta sauya ma'ana a kunnen 'yan ƙasa. A da, idan aka ambaci daji, abin da ke zuwa a rai shi ne farauta da kiwo da itacen girki. Yanzu kuwa 'yan bindiga da masu garkuwa da mutane ake fara tunawa. Shi ya sa da wuya matashi ya ce zai je hawan dutse ba tare da hankalin iyayensa ya tashi ba.

Abin da ya faru a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa nisan wuri da shirunsa ba su ne ma'aunin haɗarinsa ba. Abin da ya fi muhimmanci shi ne su wane ne ke zirga-zirga a wannan dajin a halin yanzu, wace hanya ake bi kafin a isa gare shi, kuma wa ya san cewa mutum ya shiga.

Tsoro daban, haɗari daban

Hausawa sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Ɗan Adam ya gaji jin fargaba a inda babu mai jin kururuwarsa, kuma wannan fargaba ta sha ceton rayuka. Amma ba kullum take tafiya daidai da girman haɗarin da ke gaban mutum ba.

Misali mafi bayyana yana Amurka. Akwai wata doguwar hanyar ƙafa da ake kira Appalachian, wadda ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine, tsawonta kimanin kilomita 3,500. Mutane kusan miliyan uku ne ke taka wani sashe nata a kowace shekara. Tun daga 1974, lokacin da aka samu kisan kai na farko da aka sani a kanta, waɗanda aka kashe a hanyar ba su kai 20 ba. Duk da haka, irin wannan kisa yakan ja hankalin kafofin yaɗa labarai, har ya zauna a zukatan jama'a fiye da dubban tafiye-tafiyen da aka gama lafiya.

Alƙaluman hukumar kula da gandun dajin Amurka sun nuna cewa haɗarin mota da nutsewa a ruwa da faɗowa daga tudu su ne kan gaba wajen kashe baƙi ba da gangan ba, yayin da kisan kai ke can ƙasa. Dalilin a fili yake. Ɓarawo yana bin inda mutane da dukiya suke ne, kuma ba shi da riba ya yi tafiyar kwana biyu a ƙafa don jiran wanda ba shi da tabbacin zai wuce.

Wannan lissafi yana aiki ne a inda hukuma ke riƙe da dajin. A inda masu ɗauke da makamai suka mai da daji gida, lamarin ya juya, domin matafiyi ne ke zuwa ya same su har inda suke.

Inda mai laifi ke jira

Ko a ƙasashen da ke da tsaro, laifuffukan da ake yi wa masu tattaki sun fi taruwa a bakin daji, wato wuraren ajiye motoci, mahaɗar hanyar ƙafa da titi, da zangon da mota ko babur ke iya kaiwa. Saboda haka ne ƙungiyar da ke kula da hanyar Appalachian ke shawartar matafiya da kada su kafa tanti kusa da titi, kuma kada su bayyana wa wanda ba su sani ba inda za su kwana.

Dutsen Tebur da ke birnin Cape Town na Afirka ta Kudu ya ƙara tabbatar da haka. Gandun daji ne da ke tsakiyar birni, unguwanni na kewaye da shi, kuma ya daɗe yana fama da masu tare matafiya da wuƙa suna ƙwace waya da kuɗi. Kusancinsa da gari ne ya ba su damar shiga da fita cikin sauƙi. Hukumar gandun dajin ƙasar na shawartar masu hawa da su riƙa tafiya aƙalla su huɗu.

Tsaunukan Abuja sun fi kama da wannan. Yawancinsu ba su da nisa da unguwanni da wuraren fasa dutse, kuma hanyoyin babur sun ratsa bayansu. Mutum ɗaya ko biyu da suka hau da asuba ko da almuru, waya mai tsada a hannu, kunne a toshe da abin sauraron kiɗa, sun fi fuskantar barazanar ƙwace fiye da ayarin mutum 30 da ya hau da hantsi.

Halin da dazuzzukan Najeriya ke ciki

Najeriya na da wuraren da suka cancanci a yi tattaki dominsu. Akwai Chappal Waddi a Jihar Taraba, kan iyaka da Kamaru, wanda da tsayin mita 2,419 shi ne ƙololuwa mafi tsayi a ƙasar, kuma yana cikin gandun dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Najeriya. Akwai duwatsun Shere masu tsayin kimanin mita 1,829, inda Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci ke da makarantarta ta kan dutse. Akwai Idanre a Jihar Ondo mai matakala fiye da 600, da tsaunukan Obudu a Kuros Riba, da Dutsen Zuma da hotonsa ke jikin takardar naira 100.

Amma akwai kuma dazuzzukan da suka kuɓuce daga hannun masu yawon buɗe ido. Sambisa, wanda asalinsa gandun namun daji ne, ya zama sansanin Boko Haram. Kamuku a yankin Birnin Gwari da Rugu a Jihar Katsina sun zama mafakar 'yan bindiga. Gandun dajin Tafkin Kainji, da ya ratsa jihohin Neja da Kwara, shi ma ya sha fama da kutsen masu ɗauke da makamai. Waɗannan wurare ba batun dabarar kare kai ake yi a kansu ba, ƙaurace musu ake yi har sai hukuma ta tabbatar da ta karɓe su.

Tsakanin waɗannan rukunoni biyu akwai wuraren da halinsu ke sauyawa, kuma a nan ne aka fi samun asara. A ranar 19 ga Afrilun 2019, 'yan bindiga suka kai hari gidan shaƙatawa na Kajuru da ke kan dutse a Jihar Kaduna, suka kashe wata 'yar Birtaniya ma'aikaciyar agaji da wani ɗan Najeriya, suka kuma yi awon gaba da wasu. Wurin ya yi suna a matsayin inda mazauna Abuja da Kaduna ke zuwa hutun ƙarshen mako, amma a lokacin yankin Kajuru na cikin rikici.

Makamancin haka ya faru a Jamhuriyar Nijar. A ranar 9 ga Agustan 2020, mahara a kan babura suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji da direbansu da ɗan jagoransu, 'yan Nijar, a yankin Kure mai raƙuman dawa, kimanin kilomita 60 daga Yamai. Har zuwa wannan rana ana ɗaukar Kure a matsayin wurin da ake zuwa da safe a dawo da yamma ba tare da fargaba ba.

Abin da waɗannan hare-hare biyu suka nuna shi ne sunan da wuri ya yi na zaman lafiya yana daɗewa bayan zaman lafiyar ya tafi. Labarin wanda ya je bara ya dawo lafiya ba hujja ba ce a bana. Ko a Babban Birnin Tarayya, yankin Bwari, wanda duwatsunsa suka haɗe da dazuzzukan jihohin Kaduna da Neja, ya yi fama da garkuwa da mutane a farkon 2024, alhali wasu tsaunukan da ke tsakiyar birnin ba su ga irin haka ba.

Kowace barazana da maganinta

Ba duk barazana ce iri ɗaya ba, kuma haɗa su wuri guda kan sa mutum ya yi shirin da bai dace ba. Mai ƙwace yana aiki ne da damar da ta faɗo masa. Yawan mutane da tafiya da rana da ɓoye kaya masu tsada sukan isa su kore shi.

Mai garkuwa da mutane kuwa da shiri yake zuwa, kuma sau da yawa da bayanan da wani ya kai masa. Yawan jama'a ba ya hana shi, wani lokaci ma ƙara masa kwaɗayi yake yi. A kansa, abin da ke aiki shi ne zaɓen wuri da kuma kame baki. Ƙungiyar da ke wallafa rana da sa'a da wurin haɗuwa a Facebook ko Instagram kwanaki kafin tafiya, ko take zuwa dutse ɗaya kowace Asabar a lokaci ɗaya, ta sauƙaƙa wa mai neman ta aiki. Ya kamata a kuma tuna cewa yawancin garkuwa a Najeriya a kan titi da cikin ƙauyuka ake yin ta, don haka hanyar zuwa gindin dutse na iya fin hawansa haɗari.

Ga mata akwai ƙarin barazanar cin zarafi, wadda ba dole daga baƙo take zuwa ba. Tana iya fitowa daga abokin tafiya da aka haɗu da shi a intanet, ko daga wanda ya gabatar da kansa a matsayin ɗan jagora. Bincike a kan masu shirya tafiya, da tafiya tare da wadda aka sani, sun fi duk wani abin kare kai da za a saka a jaka.

Darasin Maroko

A watan Disamban 2018, aka tsinci gawarwakin wasu ɗalibai mata biyu, ɗaya 'yar Denmark ɗaya 'yar Norway, kusa da ƙauyen Imlil a kan hanyar hawa Dutsen Tubkal na Maroko, mai tsayin mita 4,167, mafi tsayi a Arewacin Afirka. Sun kafa tanti su kaɗai ba tare da ɗan jagora ba, wasu masu iƙirarin biyayya ga ƙungiyar IS suka far musu. A watan Yulin 2019 kotu ta yanke wa mutum uku hukuncin kisa.

Hukumomin Maroko ba su rufe dutsen ba. Sun wajabta wa duk mai hawa ya ɗauki ɗan jagora mai lasisi, suka kafa shingayen bincike inda ake rubuta sunan matafiyi da na jagoransa. Da haka hukuma ta san wanda ya hau da wanda bai sauko ba, mazauna yankin kuma suka samu abin yi, har tsaron baƙo ya zama tsaron abincinsu. Ƙasar Nefal ma ta ɗauki irin wannan mataki daga ranar 1 ga Afrilun 2023, inda ta hana baƙi tattaki su kaɗai a yawancin gandayen dajinta.

Wannan tsari ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja fataucin goro ba sa shiga daji ɗaiɗai. Ayari suke yi a ƙarƙashin madugu, jagaba na gaba yana duba hanya, ana yada zango a wuraren da aka sani, ana kuma neman izinin sarakunan ƙasashen da ake ratsawa. Sun san cewa da ɗan gari akan ci gari.

Tsoron da ke ɗaya ɓangaren

Akwai wani haɗari da masu yawon daji ba su cika lura da shi ba, wato su ma abin tsoro ne ga wasu. Ƙauyen da ya taɓa shan hari, idan ya hango baƙin fuskoki goye da jakunkuna suna saukowa daga dutse, ba masu motsa jiki zai fara zato ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, wani kuma sanda zai ɗauka.

Abin da ya faru a Uromi ta Jihar Edo a ƙarshen watan Maris na 2025 ya nuna inda zargi ke iya kaiwa. A can ne wasu gungun mutane suka kashe mafarauta 16 da ke kan hanyarsu daga Fatakwal zuwa Kano, bayan an ga bindigogin farauta a motar da suke ciki aka zarge su da garkuwa da mutane.

Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ɗaukar makami ba ya cikin shawarwarin da suka dace da mai tattaki. Mallakar bindiga ba tare da lasisi ba laifi ne a dokar Najeriya, kuma adda ko wuƙa ba za su yi wa mutum amfani a gaban masu manyan bindigogi ba, sai dai su jawo masa zargi a wurin 'yan banga da jami'an tsaro. Kayan da suka yi kama da na soja ma haka suke. Abin da ya fi su amfani shi ne a fara sauka a wurin mai unguwa ko dagaci a gaishe shi, a bayyana ko su wane ne da abin da ya kawo su, a nemi ya haɗa su da wanda ya san dutsen. Wasu duwatsun kuma akwai wuraren al'ada da mazauna ba sa yarda baƙo ya taka, wasu na dab da barikin soja ko gine-ginen gwamnati da aka haramta kusanta, kamar kewayen Dutsen Aso.

Kafin a tashi da kuma a kan hanya

Shiri mafi muhimmanci ana yin sa ne tun a gida. A nemi labarin wurin na wannan makon daga mazauna yankin, da ofishin 'yan sanda mafi kusa, da direbobin tashar da ke bin hanyar kullum. Idan manoma sun daina zuwa gonakinsu na gindin dutse, ko mata sun daina shiga itace, wannan amsa ce da ta wadatar. A gandun daji na tarayya, a bi ta ofishin hukumar a karɓi ma'aikacin da zai yi rakiya.

A bar wa wani amintacce a gida sunan dutsen, da hanyar da za a bi, da sunayen abokan tafiya, da lokacin da ake sa ran dawowa, tare da abin da zai yi idan lokacin ya wuce bai ji komai ba. Lambar kiran gaggawa ta ƙasa ita ce 112, kuma kyauta ce, amma a bayan duwatsu da cikin kwazazzabai sau da yawa babu sabis, don haka waya ba za ta maye gurbin wannan mutumin na gida ba. Hotuna kuma a jira sai an dawo kafin a wallafa su.

A kan hanya, a tashi da wuri yadda za a sauko kafin la'asar ta yi sanyi, a kuma kauce wa tuƙin dare. Ayari ya sa gogaggen mutum a gaba da wani a baya, a ƙirga mutane a kowane wurin hutu. Idan aka ga sabon sawun babura da yawa a inda babu gari, ko toka mai ɗumi da ragowar abinci a wurin da ba rugar makiyaya ba, ko ƙauyen da aka watse aka bari, a juya ba tare da jayayya ba. Haka nan idan ɗan jagora ya ce kada a wuce wani wuri, a bi maganarsa ko bai faɗi dalili ba.

Idan kuma aka yi kiciɓis da masu makami, a miƙa abin da suka nema, a bar hannuwa a inda za su gan su, a guji gardama da motsin ba-zata. Bayan an tsira a kai rahoto ga jami'an tsaro, domin shirun wanda aka yi wa ƙwace yau ne ke jefa ayarin mako mai zuwa cikin tarko ɗaya.

Haɗurran da ba su da bindiga

Yawan tunanin 'yan bindiga kan sa a manta da abubuwan da suka fi saurin kwantar da mai hawan dutse. Da damina duwatsu na yin santsi, rafin da aka tsallake da safe yana iya cika kafin azahar, kuma ƙololuwar dutse wuri ne mai haɗari idan hadari ya taso da tsawa. A watannin Maris da Afrilu zafi da ƙishirwa na iya sumar da lafiyayyen mutum. Da hunturu kuma hazo kan rufe alamomin da ake gane hanya da su.

Sai kuma maciji. Kububuwa, wadda ke ɓuya a ƙarƙashin duwatsu da ciyawa, ita ce ta fi yi wa mutane illa a yankunan Gombe da Filato da Taraba, har ta sa garin Kaltungo ya yi suna da asibitin masu saran maciji. Takalmi mai rufe idon sawu da dogon wando na rage haɗarin. Wanda aka sara, a hana shi yawan motsi a gaggauta kai shi asibiti, ba tare da tsaga wurin ko tsotsa ko ɗaure shi tamau ba.

Abin da ya rage ga hukumomi

Taka-tsantsan na ɗaiɗaikun mutane yana da iyaka. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da ƙarin gandayen daji 10 a kan bakwai da ake da su, kuma a watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya amince da kafa dakarun tsaron dazuzzuka. Tasirin waɗannan matakai zai dogara ne da yawan ma'aikatan da aka ɗauka, da horon da aka ba su, da kayan aikin da suka isa hannunsu. A Gashaka Gumti, haɗin gwiwar Hukumar Kula da Gandun Daji ta Ƙasa da wata gidauniya mai zaman kanta tun daga 2017 ya kai ga ɗaukar sabbin masu gadi daga ƙauyukan yankin da horar da su.

Akwai kuma ƙananan matakai da ba sa buƙatar kuɗi mai yawa: rajistar masu hawa a gindin duwatsun da aka fi zuwa, tantance 'yan jagora daga cikin matasan ƙauyukan da ke kusa, da sanarwa a kai a kai daga rundunonin 'yan sanda kan wuraren da za a iya zuwa da waɗanda ya kamata a ƙaurace wa. Ƙungiyoyin masu hawan duwatsu su ma za su iya fara nasu tun yanzu, ta hanyar ajiye sunaye da lambobin 'yan uwan duk wanda ya shiga ayarinsu, da sanar da ofishin 'yan sanda na yankin kafin kowace fita.